Allah Ya Bayyana Shi

Babana ne ya dage sai an kai ni makarantar mishan da ke Tudun Wada, duk da surutun da dangi suka yi ta yi. Mu Musulmi ne, gidanmu a Tudun Jukun, kuma kaf zuriyarmu babu wadda ta taɓa zama a ajin da ake buɗewa da waƙar coci. Baffana, yayan Baba, takanas ya tako har gida ya ce za a juya wa yarinya kai. Baba ya ce shi Turanci da lissafi da kimiyya ya je nema, ya zagaya makarantu bai ga inda ake dafa su su nuna kamar can ba. Addini kuwa ga Islamiyya nan da yamma, in ma ba ta isa ba ga shi ga Inna. Daga ranar kullum shi yake goya ni a babur ya ajiye ni a bakin get, a tashi kuma in same shi ya kafe babur ɗin a gindin dalbejiyar da ke tsallaken titi.

Makarantar ba ta wasa da karatu, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Amma abin da ta fi tsanani a kai shi ne banakula, wato yin kowane yare da ba Turanci ba. Akwai wani ƙahon rago da aka huda aka zura wa igiya. Duk wanda Hausa ta suɓuce masa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi ƙahon na wuyansa, tsallen kwaɗo ne rabonsa daga bakin aji har get. Ni dai na tsani ƙahon nan, na tsani ƙarninsa, kuma har yau ban yafe wa wanda ya ƙirƙiro shi ba.

Mai kula da ajinmu ita ce malamar Turanci, muna ce mata Anti. Daga kudu ta zo, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba: nawa ne, rage mini, ya yi tsada. Ga tsanani ga kunne, ko raɗa ka yi a layin baya sai ta ji. Amma mace ce mai tausayi, kuma da ba ta da shi da labarin nan bai faru ba.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Baba ya rasu. Ranar Asabar ce, an aike ni Hanwa gidan Gwaggo in wuni. Ya tashi zai yi alwalar azahar ya yanke jiki ya faɗi, shi ke nan. Kafin a tuna da ni, a je a ɗauko ni, an riga an fita da shi. Abin da na tarar shi ne tsakar gida cike da mata, da ƙasa a jiƙe a bayan ɗakinsa inda aka yi masa wanka, da babur ɗinsa jingine a zaure. Kowa ya riƙe ni sai ya ce sai haƙuri. Ban gan shi a kwance ba, ban ga makara ba, mata kuma ba sa zuwa maƙabarta. Da safe na bar shi yana shan koko, da la'asar aka ce mini babu shi.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya mayar da ni makaranta. Inna tana takaba, ba ta fita, shi aka ɗora wa ya shiga ya yi wa malamai bayani. Da muka isa get sai ya ji ana waƙa daga ciki. Ya tsaya, ya dubi ginin, ya ce in shiga kawai, ai da bakina.

Ina shiga aji Anti ta tsayar da ni a gaban allo, ta tambaye ni da Turanci inda na shiga mako guda ba labari. Yaron da ƙahon ke wuyansa ya zuba mini ido yana jiran Hausa ta kuɓuce mini ya huta. Na lalubi kalmar a kaina na rasa. An koya mana sunayen ƙasusuwan jikin mutum, an koya mana rubuta wasiƙar neman aiki, amma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake cewa an yi mini rasuwa. Kalma ɗaya na sani, wadda ake faɗa wa akuya da kaza in sun mutu, kuma bakina ba zai iya ɗora ta a kan Baba ba. Sai na yi abin da muka saba yi in mun maƙale, na juya Hausar. Rasu daga rasa take, kuma na san abin da ake cewa in mutum ya rasa bironsa. Na ce, "My father is lost."

Ni abin da na faɗa shi ne babana ya rasu. Ita abin da ta ji shi ne babana ya ɓata. Shekarun nan ne kuwa aka fara yawan jin an tare mota a hanya an shiga daji da mutane. Allin hannunta ya faɗi. Ta jawo ni ta rungume, ta yi ta magana da sauri-sauri a kaina, ban tsinci ko rabi ba. Kafin in gane inda ta dosa ta fice ta nufi ofishin shugaban makaranta.

Washegari a asambili, taron safe na makaranta, bayan waƙa, Rabaran shugaban makarantar ya ce kowa ya rufe ido. Ya ambaci ajinmu, ya ce mahaifin ɗaya daga cikinmu ya ɓata. Ya roƙi Allah ya tsare shi duk inda yake, ya ba shi abinci da ruwa, ya dawo da shi gida lafiya. Makaranta gaba ɗaya ta amsa da amin, har na ji ta a tafin ƙafata.

Na san ana jiran in ce na ji kunya ko tsoro. Daɗi na ji. Tun ranar Asabar ɗin nan babu wanda ya yi maganar Baba a matsayin mai jin yunwa ko ƙishi sai wannan mutumin mai farin kwala. Na runtse ido na ce amin tare da su, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Daga nan na zama mai uba biyu. Na gida ya rasu. Mata suna zuwa suna cewa ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ana rabon waina da gumba. Na makaranta kuwa yana can wani wuri, ba a dai san inda yake ba. Kullum da safe ana sa shi a addu'a tare da marasa lafiya da masu tafiya. Sai na riƙa shiri tun asuba, ni da a da sai an tashe ni da faɗa. Da zarar mai acaɓa ya shigo da ni Tudun Wada sai in ji numfashina ya sake.

Yarinyar da muke benci ɗaya, 'yar wata nas, takan matso ta raɗa mini da Hausa, ba ta ko tsoron ƙahon: "Sun kira ku a waya?" In ce ba su kira ba tukuna. Wanda zai ce ƙarya na yi ya ce, ni dai na san ba wanda ya kira.

Karatun ma kamar ya haɗa baki da ni. A darasin addinin Kirista an bar mu, mu 'yan tsirarun Musulmi, mu fita in muna so. A da fita nake in zauna a baranda. Yanzu sai na riƙa zama, don a labaran zangon nan duk abin da ya ɓata sai an gan shi, dabba ce ko mutum, har a yi biki. Malamar kimiyya kuma ta zo mana da faranti ta zuba ruwa ta ajiye a taga. Da muka dawo daga hutun tara ya ƙafe. Ta tambaya ina ruwan ya tafi, muka ce ya ƙare. Ta ce a'a, yana nan a sama, ido ne kawai ba ya ganinsa, kuma zai sauko. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu.

Abin ya fara wuce wasa. In an kaɗa ƙararrawar tashi sai in ji ƙarar babur ɗinsa, da ɗan tarin nan da injin yake yi kafin ya mutu. In fito da gudu in duba gindin dalbejiya. Wata rana na hango mutum a wurin, da hula irin tasa, ya juya baya. Na tsallaka titi ban duba ba, mai mota ya taka birki ya ɗura mini zagi. Da mutumin ya waiwayo, mai sayar da rake ne. Duk da haka washegari na sake dubawa. Na san kabarinsa na nan, an ma faɗa mini kusa da na kakanmu yake. Amma sanin nan ya koma kamar abin da na haddace don jarrabawa, ba ya taɓa ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Juma'a da aka tashi da wuri, Anti ta ce in jira ta, za su bi ni gida su yi wa Inna jaje. Ita da malamar kimiyya, wadda Bahaushiya ce Kirista, haifaffiyar Zariya. Na ce Inna ba ta da lafiya. Anti ta ce ai shi ya sa ya kamata su je. A cikin keke napep ina jin ta tana maimaita wasu kalmomi ƙasa-ƙasa, malamar kimiyya tana gyara mata. Ta tambaya ne me Hausawa ke cewa in mutum ya ɓata, aka koya mata, take haddacewa.

Muka sami Inna a ɗaki kan tabarma, da hijabinta da carbi a hannu, Gwaggo na gefe tana tsince shinkafa. Anti ta tuɓe takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta haɗa hannuwa, ta faɗa a hankali don kada ta yi kuskure.

"Mama, sannu. Allah ya bayyana shi."

Carbin ya tsaya a hannun Inna. Gwaggo ta ɗago ta ce, "Ya bayyana wa?"

Malamar kimiyya ta dubi Inna, ta dubi idonta da babu kwalli, ta dubi hannunta da babu ko zobe. Na ga lokacin da ta gane. Ta sauke murya ta ce, "Inna, rasuwa aka yi?"

Inna ta ce, "Ai mun kusa arba'in."

"Wayyo. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Wallahi ba mu sani ba, cewa aka yi ɓata ya yi."

Sannan ta juya ta faɗa wa Anti da Turanci. Da kalmar nan ta akuya da kaza ta faɗa, ashe ita ce dai ake faɗa wa mutane. Anti ta toshe baki da hannu biyu ta fashe da kuka, har Inna ce ta koma tana ba ta haƙuri. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da jakata a baya, haushin kowa nake ji. Na ji haushin Anti da ta zo, na ji haushin malamar kimiyya da ta iya Hausa.

Da suka tafi na zaci duka zan sha. Inna ta kira ni ta ce in zauna.

"Kullum suke yi masa addu'ar?"

"Kullum."

"Su ce me?"

"Su ce Allah ya dawo da shi gida."

"Ke kuma ki ce me?"

"In ce amin."

 Ta juya fuskarta ga bango, na ga kafaɗunta suna rawa.

Ranar Litinin Rabaran ya sanar a asambili cewa an sami labari, mahaifin 'yar uwarmu ya riga mu gidan gaskiya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, aka roƙa mana ta'aziyyar Ubangiji. Ranar Talata aka yi wa marasa lafiya addu'a, aka yi wa matafiya, aka wuce zuwa sanarwar wasanni. Na tsaya a layi ina sauraron gurbin da aka saba sa shi. Ranar ce na yi kukan da ban yi ba a Tudun Jukun.

Anti ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai ta riƙa lallaɓa ni kamar ƙwai, abin da ya fi ƙahon ɓata mini rai. Ana cikin haka muka kai babin da ake mayar da jimla daga yanzu zuwa da. Jimlolin na cikin littafi a jere, mu ma muna zaune a jere, kowa ya tashi ya juya wadda ta faɗo kansa. Na ƙirga benci na ƙirga layi, na ga wadda ke jirana tun kafin a iso. Cewa take babana dogon mutum ne.

Da aka zo kaina Anti ta duba littafi, ta yi turus, sai ta kira na bayana. Na miƙe na ce layina ne. Ta ce ba komai, in zauna. Na ce layina ne, Anti.

Da Hausa jimlar ba ta da abin juyawa. Babana dogo ne, jiya haka take, yau haka take, ko shekara nawa ya yi a ƙasa ba mai cewa ka yi kuskure. Turanci kuwa ba ya barin mutum ya tsaya a tsakiya, sai ka zaɓa. Na karanta jimlar yadda take a littafi, da "is" ɗinta, na ja ta a hankali yadda zan iya. Sannan na sake karantawa na sa "was".

Anti ta daɗe tana kallon littafin da ke hannunta, sannan ta ce daidai ne, na gaba.