Takardar Yaya Mamman da Kututturan Gonarsa

A bazarar bana yayana Mamman ya cika shekara goma sha takwas da rasuwa a Tamanraset, ƙasar Aljeriya. Can aka yi masa sutura, ban taɓa ganin kabarinsa ba. Abin da ya bar mini a ƙauyenmu, kusa da Gangara a ƙasar Damargu, gona ce guda da takarda guda. Gonar da hannuna na ɓata ta. Takardar kuwa sai da ta yi shekara goma sha huɗu a ƙasan adaka kafin in san abin da ke cikinta.

Yaya ya yi shekara tara yana aikin lambu a can. Ilya, wani ɗan Belbeji da suke ɗaki ɗaya, shi yake kawo mana labarinsa, yana ba da shi yana dariya. Ya ce Mamman ba ya alwala a ƙasa haka kawai, sai ya tsuguna a gindin wani tsiro don ruwan ya zuba masa. Ba ya karɓar leda a kasuwa, tsohon buhun shinkafa ya ɗinke ya mai da shi jaka. Ɓawon albasa da ragowar ganyen shayi duk rami yake kai su, su zama taki. Idan ya tsinci gorar roba a hanya sai ya huda gindinta, ya binne ta kusa da shuka, ya cika ta da ruwa. Har 'yan ci-rani suka sa masa suna Mai Gora.

"Na ce masa, Mamman, ƙasar nan fa ba ta ubanka ba ce, me ya yi maka zafi?" in ji Ilya. "Sai ya ce mini, kai Ilya, dubi duwatsun nan da yashin nan da kyau. Damargu ce kake gani idan ta tsufa."

Zuwansa gida na ƙarshe ya bi gonarsa yana ɗaura tsumma a jikin kowane ƙaramin tsiro, aduwa da magarya da 'yan gawo. Guda talatin da ɗaya ne, ni na riƙe masa tsummokaran. Ya ce kada in taɓa su idan sassabe ya zo. Na ce to, Yaya.

Amma a wurinmu, a wancan lokaci, gonar namiji ita ce wadda aka share tas, ba ƙaya ba tsiro, kana tsaye a wannan iyaka kana hangen waccan. Mai barin tsiro a gona rago ne. Shekara biyu ina daurewa. A ta uku, ranar kasuwar Gangara, wani dattijo maƙwabcin gonarmu, Baba Sani, ya tare ni a gaban mutane.

"Ɗana, gonar Mamman ce ta zama daji haka? Tsuntsaye kuke yi wa gida su cinye mana hatsi? Ko dai ba shi da ɗan'uwa ne a garin nan?"

Maganar ƙarshen ce ta ci ni. Washegari na wasa gatari. Kwana biyu na yi, na kwantar da itatuwan Yaya duka, na ƙone rassan. A raina mutuncin yayana nake karewa. Garin neman gira na rasa ido.

A makon ne Ilya ya iso da takarda. Yaya ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa kiwo aka tura ni, kuma lokacin waya ba ta kama ƙauyenmu. Na ajiye ta sai na sami mai karanta mini. Kafin in samu, labari ya zo cewa ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Daga nan na kasa kai wa kowa takardar. Ban so in ji maganarsa ta ƙarshe a bakin wani ba. Gaskiya kuma ina tsoron ya tambayi itatuwansa.

Haka na ci gaba da noma gonar don 'ya'yansa. Duk bazara kututturan nan sai su fito da toho, ni kuma in bi su da adda. Ina ganin aikin gama ya gama, ragowar ƙazanta nake sharewa. A hankali ƙasar ta yi fari. Iskar farkon damina takan kwaso yashi ta binne shuka, mu sake, ta sake binnewa. Akwai shekarar da muka yi shuka sau uku.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya a garinmu, na shiga, ina da furfura a gemu. Rani biyu ina haɗa baƙaƙe. Ranar da na ga zan iya, na ɗauko takardar na tafi gona ni kaɗai da hantsi. Layi bakwai ne, sai da azahar ta yi kafin in kai ƙarshe. Bayan gaisuwa ya ce: "Na san za su dame ka da magana. Idan ka riga ka sare, kada ka damu, ƙanena. Kututture ba ya saurin mutuwa. Idan ya yi toho ka zaɓi biyu masu ƙarfi ka bar su, ka cire sauran."

Ashe ya san ni. Tun kafin in ɗaga gatari ya yafe mini, har ya nuna mini hanyar gyara. Ni kuwa na ajiye hanyar a adaka, ina kashe abin da ke neman tashi, shekara goma sha huɗu. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Na zaga gonar ina neman kututturan. Cikin talatin da ɗaya, bakwai ne suke da sauran rai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Damargu yau. Zai ga baƙar leda ta rataye a kan ƙaya tun daga bakin gari, awaki suna ci cikinsu yana kumbura. Zai ga amalanken itace suna bin hanyar Tanut, itacen kuma kullum ƙara sirancewa yake, don manyan sun ƙare. Zai ga samarinmu suna hawa mota zuwa inda ya tafi, ciki har da babban ɗansa, domin gonar ubansa ba ta ciyar da shi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Zai kuma ga cewa yanzu wasu manoma suna barin tsiro a gona, har ma'aikata suna zuwa koyar da abin. Baba Sani da kansa ya bar guda huɗu kafin ya rasu. Ban ji ya ambaci sunan Mamman ba, ni ma ban tuna masa ba.

Me ya rage na Yaya? Ilya ya ce lambun da ya yi wa aiki an gina gidaje a wurin. Jakar buhun ta ruɓe. Sauran itace bakwai, biyar aduwa, biyu magarya. Mafi tsayi ya kai kafaɗata, inuwarsa ba ta isa mutum ya miƙe ƙafa ba tukuna. Idan azahar ta same ni a gona, a gindinsa nake alwala. Sauran ashirin da huɗun na san gurbin kowanne, kuma duk bazara sai na leƙa, ko da wani zai yi toho. Bana ma na leƙa. Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya ba shi inuwar da na hana shi.