Hayaƙin Kawu a Cikin Jarka

Jiya a garejinmu na Morris Heights na buɗe batirin mota, warinsa ya tuna mini da marigayi Kawu. Ƙarfinsa ya ƙare a masana'antar narkar da jan ƙarfe, yana shaƙar hayaƙin farar wuta. Ko ashana aka ƙyasta kusa da shi, sai tari ya sarƙe shi.

Wata rana ya ɗaga jarkar ruwan batir a nan, ya ce, "Ɗana, da hayaƙinmu ake yin wannan. Da muka koka, masu masana'antar cewa suka yi ba ya kamuwa. Da suka gano yana sayuwa, nan take ya kamu."

Marasa imani! Da huhun Kawu haja ne, da sun tattala shi. Allah Ya jiƙansa, Ya bi masa hakkinsa.