Awadallah da Jarrabawar Lasisi

Shekara goma sha tara Awadallah ya yi a kujerar gefen direba. Motar kamfanin ruwan sha ce, tana raba manyan robobi gida-gida a unguwannin Deira da Karama. Wani dattijo ɗan Pakistan mai suna Gulzar ke tuƙi, shi kuma Awadallah ya sauka ya saɓa roba biyu a kafaɗa ya hau bene. Ɗakinmu ɗaya, mu huɗu duk 'yan garin Shandi da muka zo ci-rani. Ni Sidahmed tela ne, gadona na ƙarƙashin nasa.

Bara Gulzar ya tattara ya koma gida. Manaja ya kira Awadallah ya ce masa kowa ya ga gwiwoyinsa sun fara gazawa. In ya samo lasisi, motar ta zama tasa. In bai samo ba, aikinsa ya ƙare da ƙarewar shekara. Ga 'ya'ya mata uku da tsohuwa a gida, duk shi suke kallo.

Ya shiga makarantar tuƙi, aka ba shi littafi, aka sa masa tambayoyin gwaji a waya. Kafin mutum ya taɓa sitiyari sai ya ci jarrabawar kwamfuta. Alamomin hanya ba su ba shi wahala ba. Abin da ya tsaya masa shi ne 'yan gajerun bidiyon da ake nunawa: ka ga titi kamar kai ke tuƙi, sannan a tambaye ka inda haɗari yake.

Ranar wata Juma'a muna cin wake da burodi bayan masallaci, na kunna masa na farko. Titi ne matsattse, bas ta tsaya a gefe, sai ga mai keke ya fito ta bayanta. Awadallah ya doka ƙafa a ƙasa da ƙarfi har tiren abincin ya kife.

Tajus-Sir, direban gidan burodi da ke kwana a gadon bakin ƙofa, ya tuntsire da dariya. "Haba Kawu Awad! A cikin waken namu za ka taka birki?"

Kowa ya yi dariya ban da Awadallah. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tashi ya fita, na same shi zaune a matakalar bene.

A nan ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, direban motar albasar kawunsa ya tafi shan shayi, shi kuma ya hau don ya juya ta kawai. Wani malamin makaranta, Ustaz Khidir, ya ɓullo daga bayan katanga a kan keke. Bai mutu ba, amma an yanke masa ƙafa. Manya suka zauna, malamin ya yafe.

"Shi ya yafe, Sidahmed," in ji shi. "Ni har gobe ina jin ƙarar kekensa a ƙarƙashin taya."

Mako uku yana fama. Abinci ya daina shiga. Da bidiyo ya fara sai ya runtse ido, in ya buɗe an wuce wurin. Ranar jarrabawa ya amsa tambayoyin rubutu sumul, amma da titi ya bayyana a allon sai ya runtse ido. Ya miƙe ya fice, mai sa ido tana kiransa, "Baba, lokacinka bai ƙare ba!" Ko waiwayowa bai yi ba.

Da na labarta wa Tajus-Sir dalili, kunya ta kama shi. Juma'ar da ta biyo baya ya ce, "Kawu, taso ka raka ni rabon burodi. Abu ɗaya nake so: duk abin da ya ba ka tsoro a hanya, faɗe shi da baki."

Ni ma na bi su, na zauna a tsakiya. Muka kama hanya. Can muka ji Awadallah ya ce a hankali, "Matar can mai jaka ba ta duba ba, za ta tsallaka." Ta kuwa tsallaka. "Ƙofar farar motar nan za ta buɗe." Ta buɗe. "Akwai mai babur a bayan tankar nan." Ni ban ga kowa ba sai da ya fito.

Tajus-Sir ya dube shi baki buɗe. "Wallahi Kawu, ashe duk shekarun nan kai ke tuƙa Gulzar! Ina ka gan shi?"

"Inuwarsa na gani. Kai dai kalli gabanka."

Daga ranar haka ya riƙa yi da wayar. Maimakon runtse ido, sai ya yi ta ambaton abin da yake gani kamar mai jan carbi. Tsoron bai tafi ba, amma ya daina guduwa.

Da zai koma jarrabawar karo na biyu, na rufe shago na raka shi. Sau uku ya shiga banɗaki kafin a kira lambarsa. Ta gilashi nake hango shi, ya riƙe gefen tebur da hannu ɗaya, leɓɓansa na motsi. Mai sa idon ta je ta raɗa masa ya rage murya. Da ya fito takardar kawai ya miƙo mini. Ya ci. Sai ya nemi kujera ya zauna.

Gwajin tuƙi a kan titi kuwa sai a karo na biyar ya haye, saura kwana tara shekara ta ƙare. Yanzu shi ke jan motar ruwan. A duk kamfanin babu mai tafiyar hawainiya irinsa, masu gidaje suna ƙorafin yana makara, na bayansa suna ta danna masa hon. Kullum da safe kafin ya tayar da inji sai ya zagaya motar, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya yi bismillah ya hau.