Jirgin awon burtali ya ja mana duka

Jama'a, yau saura ƙiris ku zo jana'izata!

Ofishinmu na ƙaramar hukuma ne ya tura ni da Injiniya Sabi'u wani ƙauye gaba da Tudun Kaya, mu auna burtali da sabon ɗan jirgin nan marar matuƙi. Yana tashi sama sai muka ji ihu: "Ɓarayin daji sun turo jirgin leƙen asiri!"

Kafin ka ce kwabo gari ya fito! Wani maharbi ya ɗirka wa jirgin bindiga, ya faɗo cikin gyaɗa. Ni kuma aka sauke min gora a ƙeya, jini har cikin riga. Sabi'u haƙori biyu ya tofar!

Na ce: "Wallahi ma'aikata ne mu!"

Mai gorar ya ce: "Haka duk kuke cewa!"

Allah ya kawo dagaci, ya daka tsawa aka ja baya. Na ce: "Ranka ya daɗe, ai tun makon jiya ofis ya turo maka sanarwa ta intanet!"

Ya zaro 'yar wayarsa mai tocila, an ɗaure ta da roba, ya miƙo min.

"Yaro, nuna min ta inda ta shigo."