Addu'ar da Yaya ta roƙe ni

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Ubangiji ya kira yayata. Ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa wayata ta yi ƙara. Na ga 'yarta ce, na fita baranda. Ba ta iya cewa komai ba sai "Kawu", ta sake cewa "Kawu". Na ce mata na ji, ga ni nan zuwa. Na koma aji na ajiye alli, na wanke hannuna a famfo, na daɗe ina wankewa, don ban san abin da ake yi bayan wannan ba.

Yaya, 'yan uwa sun ce ni zan rubuta wani abu a kanki, wai ni ne mai alƙalamin gida. Na zauna zan rubuta, amma abu ɗaya ya tare mini hanya, kuma gara in faɗe shi tun farko. Kin roƙe ni in riƙa yi miki addu'a bayan kin tafi, ni kuwa na ce miki ba zan iya ba. Ga shi kin tafi, roƙon yana nan, ban san inda zan ajiye shi ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wane irin ƙane ne wannan. Bari in yi bayani. Iyayenmu sun rene mu a cocin da ke koyar da cewa ran mai bi, da zarar ya rabu da jiki, yana wurin Almasihu nan take. An gama, an rufe magana. Addu'ar masu rai ba ta ƙara masa komai, ba ta rage masa komai. A kan wannan na tashi, a kan wannan na zama dattijon ikilisiya, kuma shi nake koya wa masu shirin baftisma. Ke kuwa kin auri Mai-Agogo, mutumin kirki ɗan Katolika mai gyaran agogo a bakin kasuwa, kika bi shi cocinsu da zuciya ɗaya. A can kika karɓi cewa akwai wurin tsarkakewa, inda ran da ya sami ceto amma bai gama tsabta ba yake jira a wanke shi kafin ya ga fuskar Allah, kuma addu'ar 'yan uwa tana sauƙaƙa masa jiran.

A ɗakin wanki na asibiti kika ƙare ƙarfinki, can baya, kusa da inda ake ƙona shara. Injina suna ruri, tururi ya cika ɗaki, ƙasa kullum a jiƙe, mutum sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Ina jin a nan kika samo muryar da kike yi mana faɗa da ita. Hannuwanki duk sun tsattsage saboda sabulu, ga tabon dutsen guga a damtsenki na dama, wanda kike cewa shi ne lambar yabon da gwamnati ta manta ba ta ba ki ba.

Abokiyar aikinki Doguwa ce ta gaya mini wata ɗabi'arki da ban sani ba. Ta ce idan majiyyaci ya rasu, zannuwan gadonsa ana ƙulle su daban a sauko da su. Bayan an wanke, ba kya barin kowa ya goge su sai ke. Kina guga bakinki yana motsi. Ba ki san sunan mutumin ba, ba ki san addininsa ba, sai dai ki ce, "Ubangiji, mai wannan gado, ka san shi." Doguwa Musulma ce, ta ce tun tana yi miki dariya har ta saba, in ta ga irin ƙullin sai ta tura miki ba tare da magana ba.

Alherinki bai taɓa zuwa da taushin baki ba. Ranar da zan je ganawar neman aikina na farko, kin dube ni daga sama har ƙasa kika ce, "Auta, da wannan rigar za ka je? Ko mai gadi ba zai bar ka ka shiga ba." Kika tuɓe mini ita a tsakar gida, kika goge ta har kwalar ta tsaya, kina yi kina zagin ƙazantata. Da aka yi wa matata tiyata, ke kika kwashe yaranmu, ke kika yi jinya, kika kuma kori duk mai zuwa dubiya da ya zauna fiye da kima. Akwai wani tsoho da aka yasar a asibiti ba mai zuwa wurinsa. Kullum in kin tashi aiki sai kin hau kin aske masa gemu, kina ce masa ko ba kowa ai bai kamata ya koma kamar bunsuru ba. Ya rasu hannunsa a cikin naki.

Ranar Lahadi bayan sujada nakan biyo ta ɗakinki, kuma ba mu taɓa rabuwa ba sai mun taɓa wannan gardamar. Kikan ce, "Kai da iliminka, ka taɓa ganin an zare zane daga ƙarƙashin majiyyaci an kai shi kabad kai tsaye?" In ce jinin Almasihu ya riga ya wanke, ba a wanki biyu. In kawo miki ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar, ba a ce ya jira a ko'ina ba. Sai ki ce, "Shi ai a gefen Mai Gida ya mutu, alfarma aka yi masa." Wani lokaci maƙwabcinki mai kanti, wanda cocinsu ranar Asabar suke sujada, ya leƙo ya ce duk mun ɓata, matattu barci suke yi, ba su san komai ba sai ranar tashi. Ki tafa hannu ki ce, "Kai, in barci ne ai ina so, ban taɓa ƙoshi da shi ba." Mu yi dariya, ki zuba mini abinci, in tafi ina ganin na yi nasara, ke ma kina ganin haka. Daɗi muke ji, don a lokacin mutuwar ta wasu ce.

Da Mai-Agogo ya rasu, 'ya'yanki biyu suka dawo gidana saboda makaranta. A cocinmu suka girma, a ajina na baftisma suka zauna. Ba ki hana ba, kin ce su je, Yesu ɗaya ne. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da wannan ke nufi a gare ki ba. Kowace safiya kina durƙusawa bakin gado da carbinki, ki jero sunayen matattunki: Baba, Inna, mijinki, da jaririnki da bai kwana a duniya ba. Ke kaɗai ce mai yin haka a duk zuriyarmu, kuma ba wanda ya koya daga wurinki.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ke, a asibitin da kika yi wa aiki aka ba ki gado. Wata rana da na zo bayan an tashi makaranta, na tarar kina murza gefen zanen gadon da yatsu, kina cewa wannan ba gugar Doguwa ba ce, wani malalaci ne. Na yi dariya, na ɗauka sauƙi ne ya zo. Sai kika ce in jawo kujera.

"Auta, in na tafi, wa zai riƙa ambatona?"

Na ce, "Yaya, ba za ki buƙata ba. Kina rufe ido a nan, kina buɗewa a gabansa."

"Na san ka sani. Ni dai tambayarka na yi. Fada, limamin cocinmu, zai yi tasa a coci, na gode masa, amma Fada yana da mutane da yawa. Ina nufin na gida, wanda zai tashi da safe ya faɗi sunana."

Kika ce ba wuta kike tsoro ba, kin san wanda ya mutu dominki. Halinki kike tsoro. Bakinki ya yanki mutane da yawa, akwai kuma ƙanen mijinki da kika ce kin yafe masa amma har yau in kin ji sunansa ranki yana ɓaci. Kika ce, "Da wannan zan shiga gabansa? Ni na san akwai sauran wanki a jikina. Ka yi mini, Auta, ko a taƙaice."

Na riƙe hannunki, na ce zan yi miki addu'a dare da rana muddin kina numfashi, zan kuma gode wa Allah dominki har in mutu. Amma in roƙa wa wanda ya riga ya isa gida jinƙai, wannan a wurina kamar in ce aikin gicciye bai cika ba ne, kuma ba zan yi miki alkawarin ƙarya a kan gadon asibiti ba. Ba ki yi faɗa ba, kuma da faɗan kika yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai kika yi, "To, shi ke nan. Ɗaga mini matashin nan." Na ɗaga. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Har yanzu ban ga inda na yi ƙarya a abin da na gaya miki ba, shi ne kuma abin da ya fi ci mini rai. Da kuskure ne da na tuba na huta.

A zaman makoki mutane suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙanta. Doguwa ta faɗa tana kuka, a sauƙaƙe, kamar mai miƙa ruwa. Ni kuwa shekara da shekaru na horar da bakina ya kauce wa wannan kalmar, sai in ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ta'azantar. Suna faɗa ina sunkuyar da kai, ba na iya cewa amin. Na ji kishin Doguwa ranar, ban ɓoye ba. A cocinku, da Fada ya ce a roƙa miki hutawa, jama'a duka suka amsa, ni da 'ya'yanki muna layin gaba bakinmu a rufe.

Bayan an watse, 'yarki ta same ni a ɗakinki ina zaune a bakin gadon. Ta ce, "Kawu, Mama tana ina yanzu?" Na ba ta amsar da na koya mata tun tana yarinya. Ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "To in ita ce ke da gaskiya fa? In tana can tana jira, mu kuma mun yi shiru?" Na buɗe baki in kawo aya, sai na ga ta riga ta san ayar, ni na sa ta haddace ta. Ta ce ta gwada ta yi miki addu'ar, ta kasa, tana jin kamar tana yin zunubi. Ta ce, "Kai ka koya mana, Kawu. Ka gaya mini yadda zan yi."

Na je wurin fastonmu. Mutum ne mai tausayi, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce baƙin ciki ne, zai wuce, in riƙe abin da na sani, in yi godiya domin rayuwarki. Gaskiya ya faɗa, abin da ni ma zan gaya wa wani ke nan. Na fito daga ofishinsa da kayana kamar yadda na shiga. Yanzu kowace safiya ina farkawa a lokacin da kike durƙusawa, in kwanta ina kallon rufi. Sai in tuna ba sunanki kaɗai ba ne ba mai faɗa. Baba da Inna da Mai-Agogo da jaririn nan, duk sun yi shiru tare da ke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki biyu da jikokinki, ga dangin Mai-Agogo, har da ƙanensa, wanda ya zo ya ɗauki akwatinki a kafaɗa. Ina yi wa Doguwa da ma'aikatan ɗakin wanki ta'aziyya, da Fada da jama'ar cocinku waɗanda suka yi miki abin da muka kasa. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ku, ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya haɗa mu a ranar tashin matattu, inda ba sauran gardama.

Saura ke, Yaya. Na san dattawan ikilisiya za su karanta wannan, na san za a kira ni a tambaye ni, mai yiwuwa a karɓi ajin baftisma daga hannuna. Ban canja bangaskiyata ba. Na gaskata kina wurin Almasihu tun ranar Laraba da hantsi. Amma ban taɓa zuwa can ba, ke kuma kin tafi da tsoro, kuma ni ne na ƙarshe da kika roƙa.

Ya Ubangiji Yesu, ka san baiwarka, ka san bakinta, ka san hannuwanta. In ta riga ta iso, ka yi haƙuri da ni, na ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. In kuwa akwai sauran jira, ka gajarta mata. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka wanke abin da ya rage, ka ba ta hutawa. Ka jiƙan Baba da Inna da mijinta da ɗanta. Amin.

Ban san ko ta isa ba, Yaya. Ban san ko gobe da safe bakina zai sake iyawa ba. Ta yau dai na yi miki.