Yatsun Malam Waya

Ɗalibai suna kiransa Malam Waya, don aljihunsa ba ya rabuwa da igiyar caji. Shi ke riƙe da ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare tun injinan ba su wuce uku ba. Mutum ne mai sanyin murya, ko 'ya'yansa ba sa tsoronsa. Abu ɗaya ne ba ya lanƙwasuwa a kai: duk abin da ba a nemi izinin mai shi ba, ba ya kwana a kwamfutocinsa.

Mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta ya samo bidiyon darussan lissafi na wata tsohuwar malama, wadda da su take ci tun da ta yi ritaya. Ya goge sunanta, ya liƙa tambarin shagonsa, ya bi ta bayan fage ya zuba su a injinan makaranta, yara na sayen katin shiga a wurinsa. Malam Waya ya gane muryar matar. Ya share su kaf, ya canza lambar sirri.

Ana tsakiyar darasi mai shagon ya banko ƙofa da ƙarti biyu a bayansa.

"Kai Malam, kayan ubanka ne ka share?"

"Ba na ubana ba ne, ba na naka ba. Na matar ne. Je ka roƙe ta, in ta yarda ni da kaina zan mayar."

Mari ya fara sauka, tabarau ya yi tsalle ƙarƙashin benci. Ɗaya ƙaton ya ɗauki allon madannai ya rotsa masa a ka, haruffa suka warwatsu a ƙasa. Jini ya rufe masa ido, yana jin ihun 'yan mata kamar daga nesa. Suka cusa hannunsa na dama a durowa.

"Lambar!"

"Ba ka samu."

Aka buga durowar. Ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafin. Aka sake bugawa.

Monitar aji, wadda Malam Waya ya ba lambar saboda ranakun da yake makara, ta fashe da kuka ta faɗe ta. Suka sake shi ya zube. Mai shagon ya ja kujera, ya soka filashinsa mai ɗauke da bidiyon a kwamfuta, yana dariya.

"Ka ga yarinya ta fi ka hankali."

Malam Waya yana kwance ƙarƙashin tebur, kuncinsa a siminti. Babban soket ɗin da ke ba duk ɗakin wuta yana dab da kansa. Ya miƙa hagu ya fizge shi. Fuskokin kwamfutocin suka yi baƙi lokaci guda. Suna cikin tattaka shi malamai da maigadi suka shigo da sanduna.

Yatsu uku ba su sake miƙewa ba. Da hagu yake koyar da buga rubutu yanzu, a hankali, kuma bidiyon matar bai koma injinan ba.