Shuɗin da Ke Bayan Agogo

'Yar ƙanena ce, kuma tun tana 'yar shekara biyar muke kiranta Tsintau. Yarinya ce da ba ta wuce abu a ƙasa. Murfin kwalba, maɓallin riga, karyayyen cokali, duk sai ta kwaso ta jera a bakin taga, ta ja da baya ta karkata kai tana kallo, sannan ta dawo ta ɗan matsar da cokalin. Uwarta ta share ta zubar, gobe ta sake tarawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne ba ya yi mata dariya. Mu Allah bai ba mu haihuwa ba, sai ya ba ta wani tsohon akwati ya ce ta riƙa ajiye dukiyarta a gidanmu.

Da ta gama karatu, ta shiga aiki wurin masu ɗaukar hoton kayan talla. Ba ita ke riƙe kyamara ba. Ita ce mai shirya abin da za a ɗauka: me za a ajiye kusa da me, wane ƙyalle za a shimfiɗa, ta ina haske zai shigo. Ubanta bai taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Mutum ya gama makaranta ya koma jera tarkace!"

Shekara huɗu ta yi tana aiki a ƙarƙashin wata mata. Bara ne wani kamfanin fenti ya ba ta aikin farko da sunanta. Sun fito da sabon shuɗi, suna son hoto ɗaya da za a manna a shaguna. Ubanta ya ce in suka ƙi hoton, ta haƙura ta zo ta zauna masa a shago. Ta amsa, kuma ita ba ta saɓa magana.

Ran Litinin ta zo ta tsaya a tsakiyar ɗakina tana dube-dube. Ta nuna agogon bango da ya daina tafiya tun kafin rasuwar maigidana, da babban faranti mai furanni da ke rataye kusa da shi, da fitilar ƙwai, da butar ƙarfe, da dutsen guga na gawayi.

"Gwaggo, ki ara min waɗannan. Jibi zan zo da mai hoto mu kwashe su. Don Allah kada ki taɓa su."

Ni na ɗauka tausayina take ji, kada in wahala. Na ce a raina, hoton da duniya za ta gani, a ce kayan Gwaggon Tsintau ne da tsatsa? Tana fita na sauke su. Na samo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na zauna kwana biyu ina dirza. Katakon agogon ma sai da na shafe shi da mai. Wurin da na cire su a bango ya bar tabo, na ji kunya, na rataya zane na rufe kada baƙo ya gani.

Ran Laraba suka iso da hantsi, suka tarar da kayan jere a tabarma suna ƙyalli. Tsintau ta tsaya cak.

"Gwaggo, me na ce miki?"

Mai hoton, wani dattijo mai barkwanci, ya ɗaga butar yana juyawa. "Mama, ai kin mai da tsohuwa amarya. Wannan in na haska mata fitila sai ta makantar da ni."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta shafa dutsen gugar, ta ce a hankali, "Tsufan nake so, Gwaggo. Sabon fenti ba ya fita sai a gefen abin da ya ga duniya. Tsatsar nan shekara talatin ta yi tana zuwa. Kuma gobe da safe suke jiran hoton."

Na rasa inda zan sa kaina. Suka gwada nan, suka gwada can, kayan suka fito kamar na kanti. Da aka kira azahar ta yi alwala ta shiga ɗakina. Can sai na ji muryarta ta canza.

"Gwaggo! Zo. Baba mai hoto, zo ka gani."

Ta janye zanen da na rataya, ta buɗe tagar da na daɗe ban buɗe ba. Haske ya kwanta a bangon ta gefe. Ni a sanina bangon nan launin toka ne, haka nake ganinsa kullum. Amma inda farantin ya zauna akwai da'ira, inda agogon ya zauna ga siffarsa nan har da ɗan tulluwar kansa, kuma dukansu shuɗi ne, shuɗi mai zurfi, kamar jiya aka shafa.

Maigidana ne ya yi fentin nan da hannunsa, mako ɗaya kafin a kawo ni. Ranar da aka buɗe min fuska, shuɗin nan na fara gani. Shekara talatin da takwas yana koɗewa a gabana kaɗan-kaɗan har na manta da shi, ashe yana nan a ɓoye bayan agogo. Na ce subhanallah.

Tsintau ta buɗe gwangwanin fentin kamfanin ta kara murfinsa da da'irar. Kamar wa da ƙane.

Daga nan na ga aikin da ubanta ke kira jera tarkace. Ta hana a mayar da komai bango. Ta bar ƙusoshin biyu tsirara. Ta ɗauko 'yar kujerata ta katako, wadda ita kaɗai ta tsira daga sosona don a kanta na zauna ina dirzar sauran, ta ɗora gwangwanin. Ta matsar da shi faɗin yatsa, ta ja baya ta karkata kai, ta dawo ta mayar da rabin haka. Ta goge bakinsa da auduga, ta bar ɗigo ɗaya ya gangaro, ta tsayar da shi inda take so. Mai hoton ya ce, "Hajiya Tsintau, in ɗauka?" Ta ce, "Rana ba ta iso ba." Muka jira har bayan la'asar. Ta ba ni farin zanen gado na riƙe daga gefe, sai ga inuwar gwangwanin ta yi laushi kamar an lallashe ta.

Sannan ta tsoma burushi, ta juyo gare ni.

"Gwaggo, ina son in ja layi ɗaya a bangon, daga da'irar zuwa ƙasa. Ba ya goguwa. In kin ce a'a, wallahi ba zan ji haushi ba."

Ba wanda ya taɓa bangon nan tun bayan hannun maigidana. Na dubi da'irar, na tuna wanda ya ba ta akwati.

Na ce, "Yi bismillah ki ja."

Sau ɗaya ta ja. Sabon shuɗin ya fito daga cikin tsohon, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Mai hoton ya danna, ya dubi bayan kyamararsa, ya gyaɗa kai.

Washegari kamfanin suka karɓa. Wai har shugabar tasu ta tambaya wane gwani ne ya zana da'irar. Ubanta kuwa, an ce min ya je shagon fentin unguwarsu ya tsaya gaban hoton, duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ɗakin yayata ne. 'Yata ce ta shirya." Maganar zaman shago ba ta sake tashi ba.

Agogon da farantin suna cikin akwati, ban mayar da su ba. Tsintau ta gargaɗe ni cewa in na bar da'irar a buɗe ita ma za ta koɗe. Na ce na sani. Bayan la'asar nakan buɗe tagar in zauna da carbina har hasken ya iso kanta.